Gwangwanaye Masu Launin Kakin Soja

Akwatin ne ya fara yin ƙara. Ina zaune a kansa a gindin wata aduwa, rana ta take, inuwar ta janye ta bar mu, sai na ji ƙas a ƙarƙashina kamar an taka busasshen kara. Na ɗauka katakon ne. Jim kaɗan ya sake. Wani dogon mutum da ke tsaye kusa da mu yana ba fasinjoji labarin raƙuminsa da ya ɓata, ya yi shiru a tsakiyar magana. Bai dube ni ba, akwatin ya duba.

Ku da muka yi lakwal, makarantar boko, tare, tun da na dawo Zinder kuke tambayata yaya Damargu take, me suke ci, da gaske ne mazan can ke rufe fuska. Na san ba wannan kuke son ji ba. Na san akwai labarin da ya riga ni isowa tasha. Ba na iya faɗinsa da baki, shi ya sa na rubuta. Wadda ta karanta ta miƙa wa wata, kada a sake tambayata.

Yaya Hajara ce ta haihu a Belbeji, can cikin Tarka, inda mijinta ke aikin malamin dabbobi. Ƙafar innarmu ta hana ta hawa mota, ni kuwa ina hutu, sai aka ɗora mini kayan jego: yaji, daddawa, kanwa, da zannuwan goyo. Kun san shekarar da muke ciki. Kowace hanya da shinge, kowane baƙo abin zargi ne, ana neman mutanen da aka ce sun shigo daga waje da makamai. Kun kuma san abin da ke samun wanda aka kama, ko da laifi ko babu. Mushenmu, malamin lissafi, da aka zo aka ɗauka daga cikin aji, har yau matarsa na kai tuwo ƙofar bariki ana maido mata. Baba ya nemo mini lesefase, takardar izinin wucewa, ya kai ni tasha da kansa, ya damƙa ni a hannun Ila direba, ɗan unguwarmu ne.

Da Baba ya tafi, Ila ya kira ni bayan kamiyo, babbar motarsa ta kaya, ya nuna mini wani kwali da babu kome a ciki.

"Madamazel, ke da kika sha boko, me suka rubuta nan?"

"Giya ce, Ila."

"Wannan na sani. Ƙasa, ƙananan."

"Sun ce a ajiye a wuri mai sanyi."

Ya yi dariya har da dafa mota. "A Damargu? To Allah ya ba su sa'a."

Ya ce ta Nasara ce masu haƙa rijiyar inji a Tarka. Da can a kwalba yake kai musu, kafin a kai Tanut rabi ya fashe, mota ta ɗauki wari. Akwai ranar da wani alhaji ya sauka a tsakiyar daji, ya tsine masa, ya ƙarasa da ƙafa. Yanzu Nasaran sun koma wa sabon yayi, giya a gwangwani. Ba ta fashewa, ba ta da nauyi, ba sai an maido musu da kwalabe ba. Matsalarta ɗaya, hoton da ke jiki. Don haka ya fidda su daga kwali, ya shafe su da ragowar fentin motarsa, ya jera su cikin akwatin shayi na katako.

"Fasinjojina malamai ne da alhazai," in ji shi. "Abin da ba su gani ba ba zai ɓata musu alwala ba."

Ni ma ban taɓa ganin giya a gwangwani ba. Kwalba muka sani. A gidanmu man gyaɗa a koriyar kwalba yake, wadda inna ta wanke da toka ta shanya kafin ta yarda da ita. Kakata tana da ƙatuwar nan mai rigar saƙa, irin wadda ake ɗoro wa raƙumi zamanin kumandan na farko, Baturen mulki, zuma take ajiyewa a ciki. Kowa ya san daga inda kwalaben suka fito, ba mai faɗi.

Ila ya ba ni wuri mafi daɗi a motar, jikin kan direba inda girgiza ba ta da yawa, akwatin ya zama kujerata.

"Shimfiɗa zanenki a kai. In an tambaya ki ce kayan jego ne. Babu namijin da zai tona kayan mai jego."

Na ji nauyinsa, shi Baba ya ba amanata. Kuma na ga yadda sauran mata suka takure kan buhunan gishiri. Na shimfiɗa zanen.

Kusa da ni wata tsohuwa ce, Inna Fanna, Babarbariya mai sayar da turaren wuta, za ta Belbeji ita ma. Kafin mu fita gari ta san sunan ubana da na kakana, ta san ba a sa mini rana ba, ta kuma zaɓa mini jikanta. Ta ce ƴan lakwal duk ƙashi ne, ta riƙa cusa mini dabino da ƙuli-ƙuli. A shingen Bakin Birji gardi ya hau mota yana zungurar kaya da sanda. Ya zo kaina.

"Wannan fa?"

"Nawa ne. Kayan jego."

"Na ƴata ne," in ji Inna Fanna. "Buɗe mana, ɗan nan, ka ga tsummokaran haihuwa, ko ka samu na kai wa matarka."

Mota ta ɗauki dariya, gardi ya sauka yana ƙunƙuni. Ni ma na yi dariya. Duk wanda ke cikin motar nan ya ji na ce nawa ne.

Hanyar Tanut ba ta da wani abin gani. Rairayi, ƙaya, gero da ya fara bushewa. Muka kafe a yashi, maza suka sauka suna turawa, wani malami ya bar takalminsa ɗaya a rami ya ƙi a tafi sai an tono. Ragon wani bafatake ya cinye mini gefen littafin da na ɗauko don hanya, mai ragon ya ce in yi haƙuri, ai yanzu ragon ya fi shi ilimi.

A Tanut muka sauka gidan ƙawar Inna Fanna. A nan na fara sanin ba gida nake ba. Mu a Zinder muna kukan ruwa, ashe wasa muke. Uwar gidan ta ba ni ruwan alwala a ludayi, ta tsaya a kaina, abin da ya ɗiga daga hannuna ta tare a ƙwarya ta kai wa kaji. Fura da nonon raƙumi suka dama mana, gishiri-gishiri, na sha don kunya, cikina ya yi ta kuka. A kasuwa na ga Buzaye, mazan a naɗe sai ido, matan fuska a buɗe suna ciniki da babbar murya, suna wa maza tsiya. Shayinsu kuwa ba a ƙinsa, kuma ba a tashi sai mai dafawa ya kife tukunya. Da safe na raka ƴan matan gidan rijiya. Ban taɓa ganin zurfi irin wannan ba. Sa ne ke jan igiya, ya yi ta tafiya har ya ƙanƙance a ido kafin guga ya fito. Mutanen can suna maganar rijiya kamar maganar mutum, wance ta yi fushi bana, wance tana da haƙuri. A bakin rijiyar na ji wata tana cewa mutanen da ake nema suna yawo da dafi na zubawa a ruwa, shi ya sa kowane gari ya sa samari tsaro. Na ji, ban sa a rai ba.

Daga Tanut muka yi yamma. Nan babu hanya, sawun mota ne kawai. Da hantsi, kusa da wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, muka faɗa wani kwari, ƙarfen ƙafar baya ya karye. Aka sauke kaya duka. Wata motar gwamnati ta zo wucewa za ta Tanut, Ila da yaron motarsa suka ɗauki ƙarfen suka hau, ya ce gobe war haka ya dawo. Ya ɗaga mini hannu.

"Madamazel, a kula da kayan jego."

Shi ke nan muka zauna a rana, ni da akwatina, har ya fara ƙara.

Dogon mutumin nan sunansa Tanko, shi ne sarkin samarin ƙauyen, kuma shugaban masu tsaro. Kwari da baka na rataye a kafaɗarsa.

"Ƴan mata, tashi."

"Kayan jego ne, Malam."

"Daddawa ba ta ƙara. Tashi."

"Haba ɗan nan, ka ji kunya mana," in ji Inna Fanna.

"Inna, na ji kunyarki. Ki matsa."

Ya yaye zanen, ya sa bakin mashi ya ɓanɓare murfin. Ga su nan a jere, kore mai duhu, launin kakin soja sak, babu hoto babu rubutu. Zafi ya kumbura kawunansu. Muna kallo ɗaya ya yi ƙas. Ban san mutane na iya watsewa da sauri haka ba. Mata suka suri yara, malamin nan mai takalmi ya faɗa cikin ƙaya. Aka bar ni tsaye ni kaɗai, kibau suna kallona.

Aka kai ni gaban mai gari. Tsoho ne mai sanyin magana, liman na zaune damansa. Na durƙusa.

"Ƴar wa ce ke?"

Na faɗa.

"Kayan nan naki ne?"

"Ranka ya daɗe, na direba ne."

Ya dubi fasinjoji. Ɗaya bayan ɗaya suka ce a gabansu na ce nawa ne, a shinge, ga gardi. Ba ƙarya suka yi ba. Inna Fanna ta sunkuyar da kai.

"To mene ne a ciki?"

Ta yaya zan faɗa? Ƴar malami, budurwa, a gaban liman. Amma na tuna matar mushenmu da kwanon tuwonta.

"Giya ce, ranka ya daɗe. Ta Nasara masu haƙa rijiya."

Liman ya yi a'uziyya. Inna Fanna ta matso ta ƙasa-ƙasa, "Ƴata, kada ki ce haka. Ki ce ba ki sani ba." Mai gari kuwa murmushi ya yi, irin wanda ake yi wa yaro in ya yi ƙarya marar dabara.

"Yarinya, na girmi ubanki. Na ga abin nan tun ana kawo wa kumandan a ƙatuwar kwalba mai riga. Na gan ta a koriyar kwalba, na gan ta a ja. Matanmu na zuba mai a cikinsu. Giya a kwalba take. Gwangwani na tumatir ne, da madara, da kifi, kuma kowanne da hotonsa a jiki don wanda bai iya karatu ba. Wannan ina hotonsa?"

"Direba ya shafe da fenti."

"Don me?"

"Don kada malamai su gani."

"Wato mutum ya wahalar da kansa ya yi wa giya kakin soja," in ji Tanko. "Ƴar lakwal ce, ranka ya daɗe. Irinsu ake ba saƙo, don ba a taɓa kayan mata."

Aka tura mai raƙumi ya kira jandarma. Akwatin aka bar shi can fako, aka kewaye shi da ƙaya, aka hana awaki zuwa wajen. Ni aka sa ni ɗakin uwargidan mai gari, samari biyu a ƙofa. Ba a dake ni ba, kada ku ƙara wannan a labarin. Matar ma ta kawo mini tuwon gero da miyar kuka, ta ajiye daga nesa ta tura da ƙafa. Ban ci ba. Abin da na yi ta tunani shi ne Baba, yadda zai je ƙofar bariki da rawaninsa yana roƙon yaran da ya koya wa karatu. Ila kuwa na san ko ya dawo, da ya hango taro zai juya. Wa zai zo ya ce kayana ne a shekara irin wannan?

Washegari da hantsi jif ta iso. Shef ɗin jandarma ne da mutum biyu, ƙaƙƙarfa mai ɗan tumbi, da tasbaha a hannu. Ya durƙusa ya gaida mai gari da "Baba", ya riƙe hannun liman da hannu biyu. Uwargidan ta ce mini surukin gidan ne, ƴar ƙanen mai gari yake aure. Da na ga kakinsa sai na ji ɗan sanyi. Na ce wannan ya zauna birni, ya shiga bariki, ya san abin.

Aka fito da ni. Gari duka ya taru. Na yi masa magana da Faransanci, na ce, "Shef, giya ce ta gwangwani, sabuwar da ake kawowa. In ka kankare fentin za ka gani."

Da Hausa ya amsa, da ƙarfi. "Yi Hausa kowa ya ji. Ba ni da asiri da ke."

Na maimaita. Ya ce to, in je in ɗauko ɗaya da hannuna. Na taka har fakon, na ɗauko, yana da zafi kamar dutsen murhu. Na tsaya nesa da su na kankare da tsinin wuƙa. Rubutu ya fito, ja da fari. Sai dai ba Faransanci ba ne. Kwalin da Ila ya nuna mini shi ke da Faransanci, gwangwanin daga wata ƙasar yake. Shef ya matso ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Akwai kalma ɗaya, sunan giya, da ko ɗan aji biyu zai gane. Ni da shi kaɗai muka iya karatun boko a wajen.

"Me aka rubuta?" in ji mai gari.

"Baba, wannan ba rubutun Faransa ba ne. Na wata ƙasa ne."

Taron ya yi wani irin gunaguni. Na ƙasar waje. Abin da na yi don in kuɓuta shi ya ƙara ɗaure ni.

"Sai mu tafi da ita Zinder," in ji ɗaya daga cikin jandarmomin. "Can za ta yi bayani."

Na ce a bar ni in buɗe, kowa ya gani. Shef ya ce a ba ni ƙusa da dutse, in koma tsakiyar fako, kowa ya ja baya.

Ina so ku gane wani abu. Na san giya ce, ni na karanta kwalin. Amma da na tsuguna ni kaɗai a filin nan, gari guda ya ɓuya bayan dangogi yana leƙena, sai na fara shakka. Ban ga lokacin da Ila ya zuba su ba. Idan kwalin daban, akwatin daban fa? Na yi kalmar shahada, na ɗora ƙusa, na buga.

Ya yi tsaki mai ƙarfi, kumfa ya yi tsiri sama ya wanke mini fuska da riga. Na ji ihun mata, na ga maza kwance rub da ciki. Na zauna ina jiran mutuwa, ba ta zo ba. Kumfa ne kawai ke bin hannuna.

Suka taso sannu-sannu. Warin ya riga su, iska ta kai musu. Na kalli fuskar shef, na ga hancinsa ya motsa, na ga maƙogwaronsa ya haɗiyi yawu. Ba shi kaɗai ba. Akwai wani tsohon soja mai lambobi a ƙirji, akwai fatake biyu daga motarmu da suka saba kwana a Sabon Gari, duk na ga sun gane. Na ce a raina shi ke nan, na fita.

"Ba ta fashe ba," in ji Tanko. "To dafin rijiya ne. Ku dubi yadda yake tafasa ba wuta."

Mai gari ya juya ga surukinsa. "Kai ka yi yawon duniya. Yarinyar nan ta ce giya ce. Haka warinta yake?"

Shef ya dubi liman, ya dubi tasbaharsa.

"Baba, ina zan sani? Ban taɓa kusantar inda ake shanta ba."

"Akwai wanda ya sani a nan?"

Tsohon sojan ya duƙa yana gyara takalmi. Fataken suka kalli sama. Na bi su da ido ɗaya ɗaya, na kira ɗayansu da suna, na ce, "Baba Idi, don Allah." Ya ce, "Ni? Yarinya, ki ji tsoron Allah." Kalma ɗaya za ta fidda ni, amma duk wanda ya faɗe ta ya shaida wa liman da surukai da ƴaƴansa cewa ya san warin. Babu wanda ya ƙi ni a wajen nan. Kowa sunansa yake tsaro.

Tanko ne ya kawo shawarar. "In ba dafi ba ne, ta sha."

Liman ya ce, "In kuma abin da ta faɗa ne, haram ne."

"To Malam, ɗaya daga ciki dai. Ko ta sha, ko ta bi su."

Jandarman nan ya riga ya buɗe bayan jif. Inna Fanna tana kuka ba sauti, tana girgiza mini kai, ban san wanne take hana ni ba.

Na sha. Kun so ku san ɗanɗanonta, na ga tambayar a idonku. Ɗumi gare ta kamar ruwan wanka, ɗaci kamar saiwar magani, da warin gero da ya kwana a jiƙe ya lalace, da ƙarfe, da fenti. Na kurɓa na tsaya, Tanko ya ce duka. Na shanye. Ya ce a ɗauko wani daga ƙasan akwatin, kada a ce na saman ne na yaudara. Na buɗe shi ma na shanye, cikina babu kome tun jiya.

Daga nan aka zaunar da ni gindin aduwar, aka yi da'ira ana jira a ga ko zan mutu. Wannan zaman shi ne abin da ba na iya faɗi da baki. Ƙasa ta fara karkata. Na ji bakina yana magana ban aike shi ba. An ce na yi ta kiran inna, an ce na rera waƙar da muke yi a fili ranar rabon sakamako, da Faransanci, ina kuka. An ce na nuna shef da yatsa ina dariya. Na tuna amai, na tuna kallabina a ƙasa kuma babu wadda ta ɗauko mini. Yara suna kwaikwayon yadda kaina ke lilo. Aka kira azahar, mutane suka tafi bi da bi don kada a bar ni ba mai kallo. Na roƙi buta. Uwargidan mai gari ta ce, "Buta kuma? Ai ke da salla sai bayan kwana arba'in." Ba da mugunta ta faɗa ba, haka ta sani.

Da rana ta karkata kowa ya ga ba mutuwa zan yi ba. Sun ga maye, wannan kam ba mai jin kunyar cewa ya gane shi, ana ganinsa a kasuwa. Na ji wata tana ce wa ƴarta, "Kin ga abin da lakwal ke yi." Na ji wani yana cewa yadda na shanye biyu ban mutu ba, ai da ma na saba. Samarin suka sauke kibansu suna dariya. Tsoro ya bar garin, ya bar ni da abin da ya fi shi daɗewa. Inna Fanna ta zo ta ɗaura mini kallabi, ta goge mini baki da gefen zanenta. Ba ta sake cewa ƴata ba, ba ta kuma sake zancen jikanta ba.

Bayan la'asar shef ya ce akwatin shaida ne, dole ya tafi da shi. Bai bar yaransa su taɓa ba, da kansa ya ɗauka ya sa ƙarƙashin kujerar jif, gefen da rana ba ta bugu. Ya karɓi buhun algarara, ya tsoma shi a kwatarniyar dabbobi, a garin da ake auna ruwan alwala da ludayi, ya lulluɓe akwatin da shi ya danna gefe-gefe yadda iska za ta sanyaya shi a hanya. Sannan ya zo ya tsaya a kaina, ya miƙo mini lesefase ɗina. Yanzu da babu kowa kusa, da Faransanci ya yi magana, a hankali.

"Babu kome a kanki, madamazel. Kin tsira. Kina iya tafiya inda za ki."

Na karɓi takardar. Na dubi hanyar Belbeji, inda yayata ke zaune cikin dangin miji da jariri a hannu, kuma fatake za su isa can kafin ni. Na dubi hanyar gida. Na ce masa na gode, don ban san me ake cewa ba.